Sai An Gama Farauta

Saura mako uku a shiga farauta Torgny ya fara goge bindigarsa a kan teburin kicin. Da can a gareji yake wannan aikin, ya shimfiɗa tsohuwar jarida, ya kunna rediyo, babu ruwansa da kowa. Bana kuwa sai ya ɗauko ta ya kawo inda matarsa Majvor ke feraye dankali, ya kwantar da ita a gabansa, bakinta na kallon murhu. In Majvor ta matsa wajen famfo, sai ya ɗan juya kujerarsa kamar mai neman haske, bakin bindigar ya bi ta.

"Babu harsashi a ciki," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Mene ne kike wani ɗari-ɗari?"

"Ai ban ce komai ba."

"Dama yaushe kika taɓa cewa komai? Abin da ke ƙona min rai da ke ke nan."

Ta zuba dankalin a tukunya da hannun dama kaɗai, don haƙarƙarinta na hagu bai gama warkewa ba tun bikin tsakiyar bazara. Shekarunta hamsin da takwas, ita ce mai girki a gidan tsofaffi na garin Hällmyra, kuma ta gaji. Ba irin gajiyar da barci ke magani ba.

A garinmu kowa zai gaya maka Torgny mutumin kirki ne. Shi ne namiji na farko a nan da ya ɗauki hutun jego ya zauna gida da jaririya, yana tura kekenta a kan ƙanƙara maza na yi masa dariya. Har yau yana wanke kwanuka, yana shanya. Mu kuwa mutane ne masu son a ce mun waye, in namiji ya iya ninke zanen gado sai mu ɗauka an gama magana a kansa. Sannan kuma, uwa uba, Torgny ne mai kare.

Elg, ƙaton naman dajin nan dangin barewa da muke farauta, ba ya fitowa daga kurmi don an kira shi. Duk girmansa da ƙahonsa, sai kare ya shiga ya gano shi, ya tsare shi da haushi har mai shi ya lallaɓo, ko ya koro shi inda mafarauta ke jira. Mutum goma sha tara ne a ƙungiyar farautar garin, karen kirki kuwa guda ɗaya tak, Rapp, kuma ba ya jin maganar kowa a daji sai ta Torgny. Bana an ba su izinin elg goma sha ɗaya. Naman da zai cika firizar kowane gida har baɗi ke nan.

Ranar Laraba a wajen aiki, Majvor ta miƙa hannu za ta sauko da babbar tukunya, hannun rigarta ya zame. Gunnel, matar yayanta Sixten, wadda suke aikin kicin tare, ta ga sawun yatsu huɗu a damtsenta, sun yi baƙi. Ta dube su, ta dubi taga.

"Karen nan ne ya fizge ki ko? Ƙarfi ne da shi kamar doki."

Majvor ta ja hannun rigarta ta rufe wurin.

"Ni ma igiyarsa ta taɓa yi min haka," Gunnel ta ƙara da sauri. "Zo mu sha gahawa, na kawo burodin kirfa."

Haka muke a nan. Ba ma barin mutum ya wahala wajen ƙirƙiro ƙarya, mu muke kawo masa ita a shirye, shi dai ya gyaɗa kai. Majvor ta gyaɗa kai, suka sha gahawa, suka yi hirar sanyin da ya sauko da wuri.

Mako na zagayowa numfashi ya fara yi mata wuya, ta je ƙaramin asibitin da ake buɗewa sau biyu a mako. Nas ɗin yarinya ce daga kudu, ba ta san kowa ba. Ta danna haƙarƙarin, Majvor ta cije leɓe. Sai yarinyar ta ajiye biro.

"Akwai tambayar da muke yi wa kowace mace. Akwai wanda ke dukan ki a gida, ko yake tsorata ki?"

"A'a."

"To."

Majvor ta ɓalle maɓallin rigarta ta sake ɓallawa. "Wai in mace ta ce eh, kuma akwai bindigogi a gidan, ya ake yi da su?"

"In magana ta kai ga 'yan sanda, sukan zo su kwashe."

"Ko lokacin farauta ne?"

Yarinyar ta dube ta kamar ba ta gane tambayar ba. Ta rubuta wata lamba a 'yar takarda ta miƙa mata, ta ce ta gidan da ke karɓar mata ce a birni, a kira ko wane lokaci. Majvor ta ninke takardar ta cusa a cikin takalminta.

Ba ta so ta je wajen 'yan sanda. Abu ɗaya take so, a fitar da bindigogin nan uku daga gidan. Duka ta saba da shi, ta san lokacinsa, ta san yadda ake juya masa kafaɗa. Bindiga kuwa ba a sabawa da ita. Don haka ranar Asabar ta tafi wajen yayanta, wanda shi ne shugaban ƙungiyar farauta shekara ashirin ke nan. Ta same shi a rumfar fiɗa a bayan gari yana wanke ƙugiyoyin rataye nama.

"A'a, Maja, yau ke ce a nan? Riƙe min tiyon nan."

Ta riƙe. Ta gaya masa komai tana kallon ruwan da ke gangarawa, teburin kicin, da kujerar da ake juyawa, da haƙarƙarin. Ta roƙe shi ya karɓi bindigogin ya ajiye a gidansa, in za a fita daji Torgny ya zo ya ɗauka.

Sixten ya daɗe yana goge ƙugiya ɗaya.

"Kin san doka ba ta yarda na ajiye bindigar wani haka kawai ba. Sai da takarda. In na nemi takarda kuma za a tambaye ni dalili."

"Sai ka faɗi dalilin."

"Maja, Maja. In na faɗa ai shi ke nan, lasisinsa ya tafi. Kin san abin da ke nan? Mutumin nan tun da aka rufe injin katako ba shi da komai sai kare da daji. Ki raba shi da su, sannan ne ma za ki ga abin da ba ki taɓa gani ba. Don ke nake faɗa."

"Don ni."

"Kowane namiji yana zama haka in farauta ta matso, jini ne ke tashi. Ki tambayi Gunnel, ni ma ba na zaunuwa. Da ya kwana biyu a daji ya yi gumi, za ki ga ya dawo kamar rago. Ki bari a gama farauta, sai mu zauna mu uku a yi magana a tsanake."

"Bara ma haka ka ce."

"Bara ai ba ki ce min bindiga ba."

"To yau na ce."

Ya zuƙi iska ta leɓe, irin eh ɗin mutanenmu da ba ta ɗaure kowa da komai. Ya ce zai yi wa Torgny magana ta maza, ta daina damuwa. Ta roƙe shi kada ya yi, ya ce ai ya san yadda zai ɓullo wa abin.

A ɗakin gumi, inda maza ke taruwa wankan tururi, ya ɓullo masa, ranar Lahadi, a gaban mutum huɗu, cikin raha. Litinin da yamma Majvor ta dawo daga aiki ta tarar Torgny ya dafa abinci, ya jera faranti biyu, har da ruwan 'ya'yan itacen lingon a tulu. Ya bari ta cire takalmi, ta wanke hannu, ta zauna.

"Ashe tsorona kike ji."

Ta ɗauki cokali.

"Ni da na yi renon 'yarki kina makarantar koyon girki. Ki nemo min namiji ɗaya a garin nan da ya yi wa matarsa rabin abin da na yi miki. Shi ne za ki je ki tsiraita ni a gaban ƙungiya, saura mako guda?"

Ba zan tsaya lissafa abin da ya biyo baya ba. Rana ba ta faɗi ba, tagar kicin a buɗe take, maƙwabcinsu na yankan ciyawa, kuma injin bai tsaya ba sai ma ƙara da ya yi. Da Torgny ya gama sai ya je ya buɗe kabad ɗin ƙarfe, ya dawo da bindigar, ya tsuguna inda take kwance a jikin firji. A gabanta ya saka harsashi ɗaya. Ya ɗora bakin a ƙarƙashin haɓarta, a hankali, har tana jin warin man gogewa.

"Kin ga, wannan ne ake kira tsoro. Don ki san bambanci."

Sannan ya cire harsashin ya sa a aljihun riga, ya kwashe farantan ya wanke. Daga baya ya zauna a bakin gado yana kuka, yana cewa ita ce ta kai shi bango, shi ba haka yake ba, duk garin nan shaida ne. Ya kawo mata ƙanƙara a tawul.

Makullin mota a aljihunsa yake kwana. Don haka ranar Laraba ta bi motar da ke kai abinci gidajen tsofaffi na nesa, ta roƙi direban ya wuce da ita birni, tafiyar kilomita casa'in. Ta zauna a gaban wata 'yar sanda ta faɗi komai da murya ɗaya, kamar mai karanta jerin cefane. Aka ɗauki hotunan jikinta. Aka tambaye ta ko a kai ta gidan da ke karɓar mata.

"Ina da ɗan'uwa," ta ce. "Uwa ɗaya uba ɗaya."

Alhamis da hantsi motar 'yan sanda ta shigo Hällmyra, labule ya motsa a kowace taga. Suka fito da bindigogi uku a nannaɗe, suka tafi da Torgny. Asabar aka sako shi kafin a gama bincike, aka ce kada ya kusance ta. Ya dawo gida wajen karensa. Ita kuwa tana ɗakin saman garejin Sixten, da jaka ɗaya.

Babu wanda ya zage ta, mu ba ma zagi. A kanti dai mutane suka riƙa karanta bayan kwalin madara da matuƙar natsuwa har sai ta wuce. Wani tsoho a wajen aiki, wanda ta shekara shida tana niƙa wa abinci don ba shi da haƙora, ya ture farantinsa ya ce ba ya jin yunwa. 'Yarta ta bugo waya daga birnin Göteborg ta ce ba ta goyon bayan kowa, amma dai Baba yana buƙatar taimako ne ba 'yan sanda ba, kuma lokacin bai yi daidai ba.

Gunnel ma lokacin ne ya dame ta. Ranar Lahadi suna yanka burodin da maza za su tafi da shi, ta ce, "Ba wai na ce ba ki da gaskiya ba, Majvor. Kina da ita, kowa ya sani. Amma ranar da 'yan sandan nan suka zo, kwana huɗu fa ya rage a shiga daji. Shekara nawa kika yi kina haƙuri, sai kwana huɗu ne suka gagare ki?"

"Da ya harbe ni ranar Juma'a fa?"

"Haba, Torgny? Ai burga ce irin ta maza. Miƙo min man shanun nan."

Majvor ta miƙa. Duk da haka ta yi barci a daren nan irin wanda ta manta da shi, domin a karon farko cikin shekara talatin tana gari ɗaya da mijinta kuma babu bindiga a hannunsa.

Litinin ta farko ta watan Satumba ta tashi da asuba don ta taya Gunnel cika butocin gahawa. Motoci sun riga sun fara wucewa. Sixten na zaune a bakin ƙofa yana ɗaure takalmi, hularsa mai ruwan lemo a kan gwiwa. Kabad ɗin bindigoginsa a buɗe yake a lungun shiga. Ta san shi sarai, bindiga huɗu ce a ciki. Ɗaya na jingine kusa da shi, biyu na tsaye a wurinsu. Gurbin ƙarshe babu komai.

"Sixten, ina bindigar Baba?"

Ya ci gaba da ɗaure igiya.

"Da kai nake."

"Aro ne kawai. A daji kaɗai. Da yamma zai dawo min da ita."

"Tun yaushe take hannunsa?"

"Jiya ya biyo. Dole ya gwada saitinta kafin yau, ko so kike ya raunata dabba ta gudu da ciwo?"

Ta dafa bango. Ashe barcin nan mai daɗi da ta yi, mita ɗari huɗu ne tsakaninta da bindigar mahaifinta a hannun Torgny.

"'Yan sanda sun karɓe nasa, kai ka ba shi ta ubanmu."

"Mai kare ba ya shiga kurmi hannu biyu, Maja, in elg ya juyo kansa fa? Ransa za ki ɗauka? Ni ne shugaba, alhakin kowa a wuyana yake. Kuma idona na kansa."

"Kana kan dutse da rediyon oba-oba, yana cikin kurmi shi kaɗai. Da wane idon?"

"Ya yi min alkawari. Ya ba ni hannu."

"Ni ma ya ba ni hannu, a coci."

Gunnel ta fito da buta biyu ta ce gahawa za ta huce. Sixten ya miƙe, ya sa hula, ya rataya bindigarsa. A bakin ƙofa ya juyo, da gaske fuskarsa ta nuna damuwa, don yana son ƙanwarsa daidai gwargwado.

"Mako ɗaya ne. Ki zauna a ciki, ki kulle ƙofa in hankalinki bai kwanta ba. Da an gama, wallahi ni da kaina zan kai ki duk inda kike so."

Da motarsa ta fita, Majvor ta hau sama ta ɗauko jakarta. Ta tsaya a wajen jiran bas har ƙarfe bakwai da rabi kafin ta tuna. Bas ɗin garinmu na 'yan makaranta ne, makaranta kuwa ana rufe ta a makon farauta, tunda malamai da ɗalibai duk suna daji. Ta cire takalmi ta zaro 'yar takardar, lambar ta kusa gogewa, ta kira. Matar da ta ɗauka ta ce za ta taso yanzu da kanta, amma sai ta yi kusan awa biyu a hanya, ko akwai inda za ta fake?

Majvor ta waiwaya ta dubi garin, gida arba'in da 'yan kai, ta san kicin ɗin kowannensu.

"Babu," ta ce. "Zan tako mu haɗu a babban titi."

Kilomita goma sha ɗaya ne zuwa babban titi, hanya ɗaya ce, kuma ta tsakiyar dajin farauta ta ratsa. Ta kama tafiya, jaka a kafaɗar dama, tana jan numfashi rabi-rabi. Hazo bai gama tashi daga fadama ba. Duk bayan 'yar tafiya akwai hasumiyar katako a bakin hanya, a kan kowace akwai mutum zaune da hula mai ruwan lemo, bindiga a cinya. Ta san su duka. Wannan ta yi aji ɗaya da shi, wancan ita ta yi jinyar uwarsa har ta cika. Kowanne ya ga mace da jaka, da tabo a muƙamuƙi, tana tafiya ita kaɗai da sassafe. Kowanne ya ɗaga mata yatsu biyu cikin ladabi, ya mayar da ido kurmi. Ba a magana a wajen tsaro, kada dabba ta ji.

Ta wuce hasumiya ta bakwai sai ta ji sassarfa a cikin ciyayi ta hagu. Ta tsaya cak. Ba elg ba ne. Rapp ne ya faso, jikinsa sharkaf da raɓa, harshe a waje. Ya bar sawun da aka sa shi bi, don ya jiyo ƙanshin wadda ke zuba masa abinci safe da yamma, kwana biyar bai gan ta ba. Ya dafa ta da ƙafafun gaba yana kaɗa jela yana 'yar ƙara.

"Tafi," ta ce da shi ƙasa-ƙasa. "Rapp, je ka. Don Allah je ka."

Ta ture shi, ya dawo. Ta ɗauki dutse ta ɗaga hannu, ya zauna a gabanta yana kallon ta, ta kasa jifa. A wuyansa akwai na'urar da ake ɗaura wa karen farauta, 'yar fitilarta na ƙiftawa, tana nuna wa mai shi daidai inda karensa yake. Kuma duk wanda ya girma a garin nan ya san abin da mai kare ke yi in ya ga karensa ya tsaya wuri ɗaya. Yakan ɗana bindiga ne, ya taho a hankali ta inda iska ba za ta tona shi ba.

Ta ɗaga kai wajen hasumiyar da ke bayanta. Mutumin da ke kai ya ga karen, ya gan ta. Ya kai hannu ga rediyon da ke ƙirjinsa, ya riƙe shi na ɗan lokaci, sannan ya sake shi ya buɗe butar gahawarsa.

Saura kilomita huɗu. Majvor ta yar da dutsen, ta gyara jakarta, ta ci gaba da tafiya a tsakiyar hanya. Karen ya bi ta a gefe, yana murna.